Tsakanin ƙanƙara da kankare: Wa ke auna ƙasar da gine-ginen Abuja ke tsaye a kanta?

Ranar Litinin 16 ga Satumba, 2024, ma'aikatan Gwamnatin Tarayya sun wuni a gida saboda hutun Mauludi. Bayan ƙarfe goma sha ɗaya na daren ranar, ƙasa ta yi ruri a ƙarƙashin Mpape, aka ji jijjigar har Katampe da wasu sassan Maitama. Ba a ranar abin ya fara ba. Tun 13 ga watan, tashar auna motsin ƙasa da Hukumar Binciken Ƙasa da Ma'adinai ta Najeriya, NGSA, ta kafa a Katampe take ta rubuta ƙananan girgiza ɗaya bayan ɗaya. Ministan Ƙirƙira, Kimiyya da Fasaha na lokacin, Uche Nnaji, ya shaida wa manema labarai cewa ta wannan dare ta kai maki 3.1, kuma ta taso ne daga zurfin kimanin kilomita 11. Hukumomi suka ce jama'a su kwantar da hankalinsu. A ma'aunin masana, gaskiya suka faɗa, domin girgiza mai wannan ƙarfi ba ta cika rusa ginin da aka yi bisa ƙa'ida ba.

Sai dai akwai tambayar da na'urar Katampe ba za ta amsa ba, domin ba aikinta ba ne. Ta san ƙarfin motsin, ta san zurfinsa da lokacinsa, amma ba ta san ko wani ginshiƙi a wani bene na gwamnati ya nutse da milimita biyu ba, ko tsagar da ke bangon matattakalar wata ma'aikata ta ƙara buɗewa. Wanda zai amsa wannan sai ya kasance ya auna ginshiƙin da tsagar kafin daren, ya rubuta, ya adana, sannan ya dawo da safe ya sake aunawa. Wannan aiki na bibiyar gini da muhallinsa bayan an yanke ƙyalle an watse, babu inda ya bunƙasa a duniya kamar inda babu ƙasa ko kaɗan a ƙarƙashin ginin, wato a kan ƙanƙarar Antaktika da ke ƙuryar kudancin duniya.

Tashar da ta binne sau huɗu

A shekarar 1956 masana kimiyya na Birtaniya suka kafa tashar bincike mai suna Halley a kan dandamalin ƙanƙara na Brunt. Dandamalin ba tudu ba ne. Shimfiɗar ƙanƙara ce mai kaurin da ya haura mita 100, gefenta ɗaya yana manne da nahiyar, sauranta yana yawo a kan teku. Ta yi shekara da shekaru tana gangarawa zuwa bakin ruwa da kimanin mita 400 a shekara, tana ɗauke da duk abin da aka ɗora mata. A sama kuma dusar ƙanƙara tana taruwa fiye da mita ɗaya kowace shekara, ba ta narkewa, kuma iska tana tattaro ta ta jibge a jikin duk wani abu da ya tsaya mata a hanya, kamar yadda rairayi ke taruwa a gindin katanga a Yusufari ko Maine-Soroa.

Tashar farko bukkokin katako ne. Dusa ta rufe su, nauyinta ya murƙushe su. Haka ta biyu ta ƙare. Ta uku, a farkon shekarun 1970, an gina ta cikin manyan bututun ƙarfe domin ta jure binnewa, ta huɗu kuma cikin bututun katako. Duka biyun sun nutse, suka lanƙwashe, aka bar su. Shekaru bayan an yi watsi da ta ukun, ma'aikatan wani jirgin ruwa suka hango ta tana leƙowa daga jikin gangaren ƙanƙara a bakin teku, ƙanƙarar ta kai ta ƙarshen tafiya. Ta biyar an ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe da ake ɗagawa kowace shekara, ta tsira daga binnewa, amma ba ta tsira daga tafiyar ba, domin ƙafafun a kafe suke cikin ƙanƙarar da ke kusantar teku.

Halley ta shida, wadda aka buɗe a hukumance a Fabrairun 2013, an zana ta ne bisa yarda da cewa wurin da take ba zai tsaya ba. Ɗakuna takwas ne a jere kamar taragon jirgin ƙasa, bakwai shuɗɗa, ɗaya babba ja a tsakiya inda ake cin abinci da hutawa. Kowane ɗaki yana tsaye a kan ƙafafun da ke miƙewa da tanƙwashewa da matsin mai, kuma a ƙarƙashin kowace ƙafa akwai dogon farantin zamiya. Idan rani ya zo, sai a ɗage ƙafa, katafila ta turo dusa ƙarƙashinta, a sauke ta, a koma ta gaba, har ginin ya hau saman dusar bana. Idan kuma wurin ya lalace, sai a kwance ɗakunan a ja su ɗaya bayan ɗaya zuwa wani wuri.

Ƙafafun da farantan su ne suka ɗauki hankalin mujallun zanen gini. Abin da ya ceci tashar kuwa ba ya fitowa da kyau a hoto. An warwatsa na'urorin GPS masu tsananin daidaito fiye da goma a faɗin dandamalin, kowace tana faɗin inda take, ta yadda idan biyu suka fara nisantar juna an san ƙanƙarar da ke tsakaninsu tana yagewa. Ana jan na'urar rada a kan dusa domin ganin tsagar da ba ta fito fili ba. Ana karɓar hotunan tauraron ɗan'adam, ana tura jirage marasa matuƙi su bi bakin tsagogi. Bayanan kuma suna isa kullum hedikwatar Hukumar Binciken Antaktika ta Birtaniya da ke Kambirij, inda akwai mutanen da aikinsu shi ne karanta su, har a watannin da babu kowa a tashar.

A 2012 waɗannan ma'aunai suka nuna cewa wani babban rami a cikin ƙanƙarar, wanda ya yi aƙalla shekara 35 bai motsa ba, ya fara tsawo. Lissafi ya nuna in ya ci gaba zai yanke ɓangaren da tashar take a kai ya sallama shi ga teku. Aka yanke shawarar ƙaura, kuma a ranin 2016 zuwa 2017 aka ja dukkan ɗakunan tsawon kilomita 23 zuwa can ciki. Ana tsakiyar shirin, ranar 31 ga Oktoba, 2016, aka gano wata sabuwar tsaga a arewacin sabon wurin. Masana suka faɗa wa shugabanninsu a fili cewa ba za su iya hasashen halin da za ta shiga ba. A Halley rana ba ta fitowa har kwana 105 a lokacin hunturu, kuma kwaso mutane cikin wannan duhu da sanyi abu ne mai matuƙar wuya. Sai hukumar ta rufe tashar a hunturun 2017, ta kwashe kowa, kuma tun daga nan da rani kawai ake zama a cikinta.

Shawarar ba ta zo a arha ba. Daga Halley ne aka gano ɓular rufin ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, binciken da Joe Farman, Brian Gardiner da Jonathan Shanklin suka wallafa a 1985, bayan kusan shekara 30 ana rubuta lambobin da galibinsu ba su nuna wani abin mamaki ba. Rufe tashar ya jawo giɓi a wannan dogon lissafi, kafin injiniyoyi su haɗa injin da ke ba na'urori wuta babu mutum a kusa. Amma ranar 22 ga Janairu, 2023, shekara goma bayan gargaɗin farko, ramin ya kai ƙarshe, tsibirin ƙanƙara mai faɗin murabba'in kilomita 1,550 ya ɓalle. Wannan ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na faɗin Babban Birnin Tarayya gaba ɗaya. Tashar tana sabon wurinta, ma'aikatan rani suna ciki, babu wanda ya ji ko ƙwarzane.

Sauran ƙasashe kowace da dabararta. Tashar Amurka ta Amundsen-Scott, wadda ke daidai ƙuryar kudu a kan ƙanƙara mai kaurin kusan kilomita uku, tana tsaye a kan ginshiƙai 36, kuma an fasalta ƙasanta kamar fiffiken jirgin sama domin iska ta ƙara gudu a ƙarƙashinta ta share dusa. Ana auna tsayin ginshiƙan a kai a kai, saboda dusa ba ta lotsawa daidai wa daida. Ƙanƙarar wurin tana tafiyar kimanin mita 10 a shekara, shi ya sa kowace ranar 1 ga Janairu ake sake kafa alamar da ke nuna ainihin ƙuryar. Neumayer ta uku ta Jamus, da aka buɗe a 2009, tana kan ƙafafu 16 da ake ɗagawa kowace shekara. Afirka ta Kudu, ɗaya daga cikin ƙasashe 12 da suka fara sa hannu a Yarjejeniyar Antaktika a 1959, ta gaji da binnewar tashoshinta uku, ta ɗora ta huɗun a kan wani dutse da ya leƙo daga cikin ƙanƙara.

Waken Najeriya a cikin dutsen Norwe

Najeriya ba ta cikin waccan yarjejeniya, ba ta kuma da tasha a Antaktika. Amma tana da ajiya a ɗaya ƙuryar, ta arewa. A tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe akwai rumbun iri na duniya, wanda aka haƙa fiye da mita 100 cikin dutse aka buɗe ranar 26 ga Fabrairu, 2008. Cikin kayan farko da suka isa can akwai akwatuna 21 daga Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasa da Ƙasa, IITA, da ke Ibadan, ɗauke da samfurin iri kimanin 7,000 da aka tattaro daga ƙasashen Afirka fiye da 30. Wake na cikinsu, kuma IITA, wadda ke da reshe a Kano, ita ke riƙe da tarin nau'o'in wake mafi girma a duniya. Rumbun ba ado ba ne. A 2015, da yaƙin Siriya ya raba masana da rumbunsu na Halab, daga Svalbard aka ɗebo irin da aka sake farawa da shi.

Ana ajiye irin a sanyin maki 18 ƙasa da sifiri, kuma an zaɓi wurin ne saboda ƙasarsa a daskare take rani da damina, ta yadda ko wuta ta ɗauke dutsen zai riƙe sanyi. Masu zanen sun ɗauka cewa ƙasar da aka tona wajen gina hanyar shiga za ta sake daskarewa da kanta ta rufe ruf. Ba ta yi ba. A ƙarshen 2016 aka yi ɗumi da ruwan sama da ba a saba gani ba, ruwa ya kwararo cikin hanyar shigar, ya daskare tun kafin ya kai ɗakunan iri. Ko ƙwaya ɗaya ba ta lalace ba, amma gwamnatin Norwe ba ta tsaya a kan wannan sa'a ba. Ta sa ido dare da rana, ta kashe kimanin kurona miliyan 200 wajen gina sabuwar hanyar shiga da ruwa ba ya ratsawa, ta fitar da injinan da ke fid da zafi zuwa wani gini dabam, ta binne bututun sanyaya ƙasa a kewaye. An kammala a 2019. Kuskuren bai kasance a siminti ko ƙarfe ba. Zato aka yi game da halin ƙasa, sai yanayi ya sauya ya bar zaton a baya.

Inda ba a lura da wuri ba, kuɗin ya fi haka nesa. A Norilsk da ke arewacin Rasha, ranar 29 ga Mayu, 2020, ginshiƙan wata tankar ajiyar mai suka lotsa, tan dubu 21 na dizal ya malala cikin ƙasa da koguna. Kamfanin ya ɗora laifin a kan narkewar daskararriyar ƙasa, masu binciken gwamnati suka ƙara da kurakuran gini da raunin sa ido, kotu kuma ta ci shi tarar rubul biliyan 146.

Abin da ke motsi a ƙarƙashin Abuja

A rubuce, ƙugiya biyu da wasali ɗaya ne suka raba ƙanƙara da kankare. A aikace tazarar tana da yawa, kuma mai hankali zai iya cewa kwatancen ya yi nisa. Abuja a kan tsohon dutse take, irin wanda ya fito fili a Aso da Katampe da Zuma, kuma ba ya gangarawa ko'ina. Wannan gaskiya ne. Haka kuma yawancin gine-ginen da suka rufta a birnin, kamar na Jabi a Agustan 2018 da na Gwarinpa a Fabrairun 2023, ana cikin gina su ne suka faɗi, kuma irin wannan ya fi alaƙa da rodi da siminti da ƙarin hawa ba bisa izini ba. Babu na'urar da za ta gyara ginin da aka ci amanarsa tun daga tushe.

Amma kaɗan ne daga gine-ginen birnin suke zaune kai tsaye a kan dutsen. Tsakanin harsashi da dutse akwai jar ƙasa da ruɓaɓɓen dutse, wani wuri mita biyu, wani wuri mita ashirin, kuma kaurin yana iya sauyawa a cikin fili ɗaya. Wannan shimfiɗa ce ke shan ruwa daga Afrilu zuwa Oktoba ta yi laushi, ta bushe da rani. Daga cikinta da tsagogin dutsen da ke ƙasanta ne rijiyoyin burtsatse ke zuƙo ruwa a unguwannin da famfon Usuma bai kai ba. A Mpape kuma ana fasa dutse da nakiya shekara da shekaru. Ƙoramu da fadamun da tsarin birnin na 1979 ya bari domin ruwa ya wuce, an cike wasunsu an yi gini a kai. Abin da dusa da teku suke wa Halley, ruwa ne ke yin sa a Abuja, sai dai a hankali kuma a ɓoye.

Wani lokacin ma ba a ɓoye ba. Ranar 23 ga Yuni, 2023, ambaliya ta shanye gidaje fiye da ɗari a rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe, har Hukumar Birnin Tarayya ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i. A Yunin 2021 ruwan sama ya zubo ta rufin Majalisar Tarayya ya cika harabar shiga zaure, 'yan jarida suna ɗauka. Kuma kwana shida kacal kafin girgizar Mpape ta 2024, madatsar Alau ta ɓalle ta shafe babban ɓangare na Maiduguri, abin da ya sa Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin duba lafiyar madatsun ruwa a faɗin ƙasa. Madatsar ruwa ita ce ginin da ya fi kama da na Antaktika ta wannan fuska, domin a ƙa'idar injiniya ana binne ma'aunan matsin ruwa a jikinta tun ran gini, kuma amfaninsu ya dogara kacokan ga mutumin da zai riƙa zuwa yana karantawa.

Girgizar 2024 ba ita ce ta farko ba. Daga 5 zuwa 7 ga Satumba, 2018, Mpape da maƙwabtanta sun ji irinta, har Ministan Birnin Tarayya na lokacin, Muhammad Musa Bello, ya dakatar da fasa dutse da haƙar burtsatse a yankunan da abin ya shafa. Kwamitin da Shugaban Ƙasa ya kafa ya ambaci yawan zuƙar ruwan ƙarƙashin ƙasa cikin abubuwan da ake zargi. Wasu masana kuma sun fi karkata ga tsagogin da ke can cikin dutse, kuma zurfin kilomita 11 da aka auna a 2024 ya wuce inda kowace burtsatse ko nakiya ke kaiwa. Bayan 2018 ne NGSA ta ƙara kafa na'urorin auna motsin ƙasa. Wannan ci gaba ne na gaske, ya kamata a faɗe shi.

Kayan aikin ma ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Cibiyar nazarin siffa da motsin ƙasa ta hukumar sararin samaniya, NASRDA, tana Toro a Jihar Bauchi da nata tashoshin. Ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya fara kafa tashoshin GPS na dindindin tun 2008, a wurare irin su Abuja, Zariya, Birnin Kebbi, Toro da Yola, kuma asalin fasaharsu ɗaya ne da waɗanda ke kan dandamalin Brunt. NiMet tana auna ruwan sama tana fitar da hasashen damina kowace shekara, NIHSA tana fitar da na ambaliya. Taurarin Sentinel-1 na Tarayyar Turai, waɗanda ake bibiyar tsagogin Antaktika da su, suna ratsawa ta saman Abuja su ma tun 2014. Suna harba rada ƙasa su karɓi amsa, kuma idan aka gwama hoton yau da na makonnin baya ana iya ganin unguwar da ke lotsawa da 'yan milimitoci a shekara. Hotunan kyauta ne ga duk mai intanet da ilimin sarrafa su.

Bambancin yana wurin da bayanan ke sauka. Na Halley suna taruwa a hukuma ɗaya, wadda ita ce mai ginin, ita ce mai ma'aikatan, ita ce kuma mai ikon cewa a tashi. Na Abuja sun rarrabu. NGSA tana ƙarƙashin Ma'aikatar Ma'adinai, NiMet tana ta Sufurin Jiragen Sama, NIHSA tana ta Albarkatun Ruwa, Sashen Kula da Tsarin Gine-gine yana Hukumar Birnin Tarayya, ginin kuma na wata ma'aikata ce ta biyar. Duk wanda ya taɓa bin fayil daga Sakatariyar Tarayya zuwa Area 11 ya san tsawon wannan tafiya, ko da yake a mota ba ta kai minti ashirin ba. Rahoton gwajin ƙasa da ake haɗawa da takardun neman izinin babban gini kuwa hoton rana ɗaya ne. Yana faɗin halin ƙasar kafin a zuba harsashi, ba ya faɗin halinta bayan maƙwabta sun haƙa burtsatse goma, an kuma toshe ƙoramar da ke bayan katanga.

Layin da ba ya fitowa a hoton buɗe aiki

A Afrilun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Umarnin Zartarwa mai lamba 11 kan kula da gine-ginen gwamnati, wanda ya buƙaci ma'aikatu da hukumomi su kafa sassan kula da gine-ginensu, tare da sashe na musamman a Ma'aikatar Ayyuka da Gidaje ta lokacin. Ƙofa ce mai kyau. Haɗarin shi ne a fahimci kulawa a matsayin fenti, gyaran famfo da sauya fitila, abubuwan da ake yi bayan ido ya ga lalacewa. Aunawa tana zuwa kafin ido ya gani. Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar tana farawa ne da faɗin da ko farce ba ya shiga.

Bahaushe bai rasa wannan tarbiyya ba a da. Mai gidan ƙasa ya san cewa kafin ruwan farko sai ya zaga katanga da soro, ya duba inda yaɓe ya zube, ya share indararo, ya kira magini in ya ga azara ta sunkuya. Sana'ar tana da shugabanta, Sarkin Magina, kuma da wannan zagaye na shekara-shekara ne ginin ƙasa irin Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na ƙarni na 19, ya ga jikoki da tattaɓa-kunne. Ginin ƙasa yana kai ƙara da wuri. Kankare yana da haƙuri, yana iya shekara ashirin bai nuna komai ba, kuma wannan haƙurin ne ya sa aka daina zagayen.

Mafi yawan abin da ake buƙata ba na ƙasar waje ba ne. Ƙusoshin alama a jikin ginshiƙai, waɗanda safiyo zai auna tsayinsu sau biyu a shekara, ƙarshen rani da ƙarshen damina, ya gwama da wata alama da ke kan dutse. Ƙaramin ma'auni da ake mannawa a kan tsaga a rubuta kwanan wata a gefensa. Igiya mai alama da ake zurawa cikin rijiyar harabar ofis kowane wata domin sanin inda ruwa ya tsaya. Littafi ɗaya da ba ya bin jami'i idan an yi masa sauyin wurin aiki. Manyan na'urori masu aika bayani da kansu sun dace da madatsun ruwa, gadoji, dogayen benaye da gine-ginen da ke kusa da wuraren fasa dutse.

Inda abin ke mutuwa sananne ne ga duk wanda ya taɓa shirya kasafin ma'aikata. Sayen na'ura yana shiga babin manyan ayyuka, yana da kwangila, yana da ranar buɗewa. Batir ɗinta, kuɗin intanet ɗinta, man motar da za ta kai ma'aikaci wurinta da alawus ɗinsa suna babin kuɗin gudanarwa, wanda shi ake fara matsewa kuma shi ne ke makara wajen fitowa. Ɗan kwangila yana da alhakin gyara na 'yan watanni bayan miƙa aiki, daga nan ya karɓi ragowar kuɗinsa ya tafi, wani lokaci har da zanen ginin yadda aka gina shi a zahiri. Na'urar da ta yi shiru wata takwas ta bar rami a lissafi, kuma ba a cike irin wannan rami da kuɗin baɗi.

Saboda haka idan takardar neman sayen irin waɗannan kaya ta iso teburin darakta ko hadimin minista, farashi ba shi ne tambaya mafi nauyi ba. Wane jami'i ne, da sunan muƙaminsa, zai karanta lambobin, kuma sau nawa? Daga wane layi na kasafi za a biya shi a shekara ta uku? Wace lamba ce in aka kai ta za a kira injiniya, wacce ce kuma in aka kai ta za a fitar da ma'aikata daga ginin? Wa zai sa hannu a wannan umarni, kuma zai iya yi ba tare da jiran fayil ya hau ya sauko ba? Ta ƙarshen ita ce mai wuya a aikin gwamnati, domin jami'in da ya rufe bene sannan benen bai faɗi ba, shi za a tuhuma da ɓata lokacin aiki. Waɗanda suka rufe Halley a 2017 sun jira shekara shida kafin ƙanƙarar ta gaskata su, kuma a tsawon wannan lokaci ginin yana nan tsaye lafiya lau, babu kowa a cikinsa duk hunturu.

Muhawarar burtsatse da girgizar Mpape ma ba za ta rabu da zato ba sai da irin wannan lissafi mai tsawo, wanda zai nuna yadda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke hawa da sauka a gefen abin da na'urar Katampe ke rubutawa. Tsakanin Satumbar 2018 da Satumbar 2024 watanni 72 ne. Duk ofishin da ke Maitama ko Katampe da ya fara zura igiya a rijiyarsa bayan girgizar farko, yana auna ginshiƙansa rani da damina, da daren da ƙasa ta sake ruri yana da layi 72 na zurfin ruwa da awo 12 na tsayin gininsa da zai ajiye a gaban injiniya washegari.